Hancin Gora

Shafi na 17

Malam Datti mashayi ne, maƙaryaci ne, kuma ya yi shaidar zur a kan mutumin da ke ja masa jaki. Na faɗi haka tun a shafin farko, wasu suka rubuto mini wai in sassauta, ai malami ne. Ban sassauta ba. Masu cewa na yi jinkiri kuma, ga shi nan, ku karanta a natse.

Saura wata biyu a cika shekara huɗu da ranar da aka kwantar da Ɗanladi a ƙofar garin Birnin Kudu aka yi masa bulala tamanin. Gora ce ta fashe a jikinsa yana shigowa gari da jakin Malam Datti, warin bammi ya cika wurin. Ya rantse gorar Malam ce, an ce masa maganin ciwon baya ne a ciki. Ya ce, "Na ga yana kumfa yana zuba ta wani ɗan kara, sai na toshe don kada maganin Malam ya ƙare a hanya." Mutane suka yi dariya. Mutum biyu suka tsaya gaban alƙali suka ce sun ji wari a bakinsa: Malam Datti, da Malam Abdulsalami, uban matarsa.

Washegari Ɗanladi ya ce wa matarsa Hapsatu ta ɗaure kayanta su bar garin. Ta ce ba za ta bi mashayi ba, ubanta ba ya ƙarya. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa, sannan ya ce, "Akwai wanda na gani a can inda muka je. Saboda ke na yi shiru." Ba ta tambaye shi ba. Ya tafi, bai sake ta ba, bai kuma aiko ba.

In shekara huɗun ta cika, ubanta zai kai ta gaban alƙali a raba auren. Ta riga ta ce to.

Ramar da ta yi ce ta sa ƙanwar ubanta, Gwaggo Kulu, ta zo bayan kaka ta ɗauke ta, wai ta je ƙauye ta huta. Malam Abdulsalami ya ce a kai ta ko'ina ban da ƙauyen Gwaggo. Gwaggo ta bari ya tafi ta'aziyya Yalwan Damai, suka bi ayarin fatake, don a shekarun nan ba a tafiya a warwatse saboda tsoron harin Ningi. Kwana biyu suka yi a hanya, suka wuce Gwaram, suka gangara Kwarin Tulu.

Tsohon gari ne, ya girmi ganuwarsa. Kafin jihadi, bammin giginyarsa ne ake ɗauka a kai har gidajen manya. Randunan da ake tara shi suna nan a bayan gari, an binne su har wuya, ciyawa ta fito a bakinsu. Yanzu akwai masallaci, kuma in ka tambayi mutanen garin sana'arsu za su ce tabarma da muruci. Amma da an ɗaure dawa, baƙi za su fara sauka. Wannan ya ce ya zo shan iska, wancan ya ce ƙirjinsa ne ke son ruwan rafi. Ba mai tambayar sunan wani.

Kwana goma Hapsatu ta yi ba ta ga hutun ba. Matan gidan suna hira a tsakar gida, in ta fito sai su koma maganar tuwo. Ta ci abinci ita kaɗai, ta yi salla ita kaɗai. Da hantsi takan bi gefen rafi ta yi ta tafiya har inda ba a jin dakan gari, ta zauna, ta dawo.

Ran sha ɗaya ta bi wata hanyar daban, sai ga ta a tsakiyar giginyun da ba su da kai. Dogaye, baƙaƙe, ba ganye ko ɗaya, a jere kamar sahun salla. Ko tsuntsu ba ya sauka a kansu.

A gindin wata mai rai ta tarar da Dabo, mijin Gwaggo, yana wanke goruna. Tsoho ne, ƙafafunsa sun lanƙwashe don hawa.

"Ina kwana, Baba Dabo."

"A'a, 'yar birni. Yau kin gaji da kallon ruwa?"

"Aradu ce ta faɗa musu?"

"Ni ne aradun." Ya nuna wuƙarsa. "In ana son ruwanta, kai ake yankewa. Safe da yamma ina hawa in ƙara kankare wurin, tana zuba wata guda da 'yan kwanaki. Daga nan ta mutu."

"Shekara nawa take yi kafin ta kai haka?"

"Wanda ya shuka ba ya gani."

"To me ya hana a sare su a yi azara?"

"Ba a sarewa sai mai su ya mutu. Kowane baƙo da sahunsa. In ya zo bana ya zaɓi ɗaya kusa da ta bara. Da su muke sanin shekarun mutum a garin nan."

Ta ƙirga sahun da ke gabanta. Goma sha tara.

"Wannan na wane ne?"

"Mu ba mu riƙe sunan yanka. Na-Tuba muke ce masa." Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ya kurɓa, ya ce na tuba. Ya ƙara kurɓa, ya ce na tuba. In ya kai ƙoƙo na biyar sai ya fara yi mana wa'azi."

Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan gorar da ke hannunsa. An toshe bakinta da totuwar masara, an ɗaure da igiyar fata, amma a tsakiyar totuwar an soke wani siririn kara mai rami.

"Baba, wannan karan fa?"

"Hanci ke nan."

"Hanci?"

"Bammi rai gare shi, yana numfashi. Da an sauke shi yake fara kumfa, rana na dukansa yana ƙara ƙarfi. In ba ki bar masa hanci ba, gorar ce za ta tsage. Duk wanda ya taɓa kai shi bakinsa ko sau ɗaya ya san wannan."

"In mutum ya ga yana zuba, ya toshe fa?"

"Wannan bai san abin da ya ɗauko ba."

Ta dafa kututturen, ta zauna a ƙasa.

"Kin ga kin tuna mini," in ji Dabo, yana ci gaba da wankinsa. "Na-Tuban nan ya taɓa zuwa da wani mai jan jaki. Dogo, da tabon ƙuna a bayan hannu. Ya bar shi a hayin rafi kwana shida, ya ce masa wurin mai magani zai shiga. Ni na kai masa gorar ran tafiya. Ban gaya masa zancen hanci ba, na ɗauka ubangidansa zai faɗa. Ban ƙara ganinsa ba."

"Ya sha?"

"Wa, shi? Ruwan rafi ma sai ya yi bisimilla sau biyu. Abu ɗaya ya roƙe ni, muruci. Wai mai ɗakinsa tana sonsa, kuma na birni ba ya zaƙi."

Ta tuna. A jakarsa ta gan su ranar, guda bakwai, an naɗe cikin ganye. Ta zuba wa awaki.

"'Yar birni, lafiya?"

"Mijina ne, Baba."

Tsohon ya ajiye gorar.

"Bulala tamanin aka yi masa," ta ce. "A gaban mutane. Ni kuma na ce masa mashayi."

Kada mai karatu ya ga tsufan Dabo ya wanke shi. Wanda ya yanka kan giginya don a yi maye yana da nasa kason. Amma a ranar bai yi ƙarya ba, wannan zan rubuta masa.

Hapsatu ta share fuska da bakin zanenta. Kusa da sahun Na-Tuba akwai wani sahun, sun tafi kafaɗa da kafaɗa, sai dai wannan ya tsaya a goma sha biyar.

"Wancan fa?"

"Na Kurma ne. Abokinsa. Shi ba ya magana, ko an gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu. Shekara huɗu ke nan bai..."

"Malam."

Gwaggo Kulu ce ta kira mijinta daga bayansu, da ƙwaryar fura a hannu. Ba wanda ya ji zuwanta.

"Furarka za ta yi tsami. Ke kuma tashi mu tafi, rana ta yi."

"Gwaggo, wane ne Kurma?"

"Na kawo ki ki huta ne, ban kawo ki ƙirga itace ba."

"Kin san mijina bai sha ba?"

Gwaggo ta kalli ƙasa.

"Kin sani, Gwaggo. Shekara huɗu kina zuwa gidanmu, kina cewa in yi haƙuri."

"Da me zan faɗa? In ce a ina na gani? A gidan mijina?" Ta gyara riƙon ƙwaryar. "Bakina ba zai iya ba, ɗiyata. Shi ya sa na kawo idonki."

Kwana uku bayan haka Malam Datti ya sauka a garin. Ba ya zuwa da kowa yanzu, shi ke jan jakinsa.

Bayan la'asar Hapsatu ta same shi a ƙarƙashin giginya ta ashirin, wadda Dabo ya yanka masa. Ya cire rawani ya rataye, ya miƙe ƙafa a kan buzu, ƙoƙo a hannu. Ta tsaya a bayan wani kututture har ta ji da kunnenta.

"Na tuba," ya ce, ya lashe leɓe.

"Allah ya karɓa, Malam."

Ƙoƙon ya kusa suɓucewa. Ya waiwayo, ya ƙura mata ido, ya ɗauki lokaci kafin ya gane ta.

"'Yar Malam Abdulsalami? Me ya kawo ki nan?"

"Hutu. Kai fa?"

"Ciwon baya."

"Ya yi sauƙi?"

"Ke, yarinya, ki san da wa kike magana. Ni na raɗa miki suna."

"Kai kuma ka ɓata na mijina."

Ya ajiye ƙoƙon a bayansa, kamar ba ta riga ta gani ba.

"Abin da ya wuce ya wuce. Ƙaddara ce ta faɗa wa yaron nan."

"Ƙaddara ba ta rantse gaban alƙali ba. Kai ka rantse."

"To me kike so?"

"Ka koma ka faɗa. A ƙofar garin, inda aka kwantar da shi. Ka ce gorarka ce."

Ya yi dariya, dariyar mutumin da abin ya fara hawa kansa.

"In ce gorata ce. Sannan almajirai sittin su watse, a hana ni limancin unguwa, 'ya'yana su rasa mai aurensu. Saboda mai jan jaki."

"Shi ba shi da abin rasawa?"

"Me ya rasa? Fatar baya tana warkewa."

"Ni ya rasa."

"Ke kika ƙi bin sa, ba ni na riƙe ki ba."

Maganar ta same ta inda ya nufa. Ya ga haka, ya gyara zama.

"Bari in koya miki karatu, tunda ubanki bai koya miki ba. Ke mace ce, ke ɗaya ce. Shaidarki ba ta kwantar da kowa. In kin buɗe baki, abin da za a fara tambaya shi ne me matar aure take yi a Kwarin Tulu. Sai a ce ashe su biyun duk ɗaya ne. Ki koma gida, a raba auren nan, ki sami mai rufa miki asiri."

"Ka rantse ka ji wari a bakinsa. Wannan na gane dalilinka. Babana fa? Me ka gaya masa har ya rantse?"

Malam Datti ya kalle ta. Ya kalli sahun nan na goma sha biyar. Ya mai da ido kan ƙoƙonsa.

"Tafi," ya ce. "Don Allah tafi, kin ɓata mini yamma."

Ta tafi. Ba ta koma gida ba, bakin rafi ta je, hayin da aka bar Ɗanladi kwana shida. Akwai wani faffaɗan dutse a wurin, ta ce a ranta a nan ya yi salla. Ta zauna a kai har rana ta yi ja. Ba ta san ko yana Bauchi ba, ko Katagum, ko ƙarƙashin ƙasa. Abu ɗaya ta sani, in ya ji labarin garinsu wata rana, ba ta so ya ji cewa an raba aurensa a matsayin mashayi.

Kwana shida Malam Datti ya yi. Ran tafiyarsa da safe Dabo ya cika masa gora biyu, ƙarama ta hanya, babba ta gida, ya jingine su a inuwar rumbu ya shiga ɗauko igiya.

Hapsatu tana tsakar gidan. A hannunta akwai ɗan kakin zuma da ta roƙa wurin maƙwabta, wai kaushin ƙafa ke damunta. Ta murza shi har ya yi laushi. Ta durƙusa gaban babbar gorar, ta cusa shi cikin hancin, ta tura da tsinke har ya nutse, ba a ganinsa daga waje.

Ta ɗaga kai, Gwaggo Kulu tana tsaye a ƙofar madafa. Suka kalli juna.

"Ayarin da zai bi, shi zan bi," in ji Hapsatu.

"Ki ɗaure kayanki," Gwaggo ta ce, ta juya ta koma ciki.

Kwana biyu Hapsatu tana tafe a ƙarshen ayari, cikin matan fatake, ba ta yi magana da kowa ba. Tana hango Malam Datti can gaba a kan jakinsa. Tun abin da ya faru bai ƙara ba wa kowa riƙon gora ba, a jikinsa yake rataya babbar gorar, ƙarƙashin babbar riga. Ƙaramar kuwa, duk inda aka tsaya sai ya zaga bayan kuka wai zai kama ruwa. A Gwaram ba abin da ya faru. A Farin Dutse ma haka. Ta fara cewa a ranta ko kakin ya narke.

Suka iso ƙofar Birnin Kudu ranar kasuwa, rana a tsaka. Mutane suka taso gaishe shi.

"Malam, an dawo lafiya? Ya bayan?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Wani ya kama masa linzami. Ya ɗaga ƙafa zai sauka, cikinsa ya danne gorar a jikin jakin.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Farin kumfa ya biyo ƙasan rigar, ya gangara kan wandonsa, ya taru a ƙasa. Warin ya tashi. Wanda ke riƙe da linzami ya saki.

"Magani ne," in ji Malam Datti. "Maganin baya ne."

Wani tsohon maƙeri da ke zaune a gindin ganuwa ya ce, "Mun taɓa jin wannan maganar a nan wurin."

Hapsatu ta ratsa mutane ta fito. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ku sansana bakinsa. Haka aka ce an yi wa mijina."

Mutum huɗu suka sansana. Aka tafi da shi gaban alƙali da rigar a jiƙe. Aka tambaye shi gorar shekara huɗu da ta wuce, ya yi ta kewaye, har ya ce tasa ce.

Bayan la'asar aka dawo da shi ƙofar gari. Hapsatu ta tsaya nesa, ita kaɗai, matan unguwarsu sun ja baya sun bar mata fili. A sahun gaba ta hango ubanta, da carbi a hannu. Tun da ta dawo bai ce mata kome ba. Da ta gaishe shi, hannu kawai ya ɗaga.

Aka kwantar da Malam Datti. Aka fara ƙirga.

A ta arba'in ya ɗaga kai.

"Ku tsaya. Ba ni kaɗai ba ne. Akwai wanda muke zuwa tare, zan faɗi sunansa."

Mai bulala ya dakata, ya waiwayi dattawa. Hapsatu ba ta kalli wanda ke kwance ba, ubanta take kallo. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Ba a yanke haddi a tsakiya," in ji Malam Abdulsalami. "A cika."

Aka cika. Bulala tamanin aka yi wa Malam Datti, aka cire masa rawani, aka zaga da shi kasuwa, aka yi shela ba a ƙara karɓar shaidarsa har ya mutu.